Tambayi Injiniya: Da an kira magariba sai kyamarori biyu su ɗauke

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Satin nan saƙonnin da sunka shigo kusan duk hanya guda sunka bi, wato siwic ɗin nan mai tura wuta ta cikin wayar intanet da 'yan sana'a ke kira PoE, wanda waya guda ke kai wa kyamara ko na'urar wayfai wuta da data gaba ɗaya ba sai an ja mata soket ba. Na zaɓo huɗu, sauran ku yi mini uzuri fili ne babu.

TAMBAYA: Slm Injiniya fatan kana lahiya. Ina da shagon kayan gini kan titin Emir Yahaya, anka sa mini kyamara 8 da siwic mai rami 8, da rana duk takwas suna aiki lahiya lau amma wlh da an kira magariba sai ta 7 da ta 8 su ɗauke, su dawo su sake ɗaukewa haka har safe, kuma su ne ke kallon bayan sito inda siminti da rodi suke. Yaron da ya haɗa ya canza kyamara guda bai daina ba, yanzu ƙanena na cewa mai gadi ne ka taɓa su. Ga hoton takardar ƙarƙashin siwic ɗin da na kwalayen kyamarorin. Mi ya kamata in yi? Daga wani ɗan kasuwa, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin komai dan Allah a bar mai gadi ya ci gaba da aikinshi, bawan Allah bai taɓa komai ba, amsar tana nan cikin hoton da ka turo. Takardar siwic ɗinka an rubuta jimillar wutar PoE wat 60. Ƙananan kyamarorinka shida kowace an rubuta iyakar abin da take ja wat 7, ka ga 42 ke nan, manyan biyun na bayan sito kuma kowace wat 12, wato 24. Haɗa 42 da 24 ka samu 66, kai kuma 60 gare ka, kuma ba mu ma sa abin da ke ɓacewa cikin wayar ba tun daga ofis har bayan sito.

To mi ya sa da rana babu matsala? Don da rana kyamara ba ta cin ko kusa da abin da anka rubuta, rana ta haska mata ko'ina, hoto kawai take ɗauka ta tura. Da duhu ya fara sai ta kunna 'yan jajayen fitilun nan na gani da dare da ke kewaye da idonta, kuma duk takwas ɗin kusan lokaci guda suke kunnawa tunda rana guda ce ke faɗuwa musu, sai nauyi ya hau siwic a tashi ɗaya. Shi kuma ba ya yarda ya ƙone kanshi, sai ya yanke ma wani. Siwic irin naka marar saiti yawancinsu rami na 1 ne babba, na ƙarshe shi ne ɗan auta, in abinci bai isa ba ɗan autan ake hana wa, shi ya sa kullum 7 da 8. Dawowar da suke yi kuwa, da ya yanke su nauyi ya ragu sai ya ga ai akwai sauran wuta ya mayar musu, kyamara ta tashi ta duba ta ga dare ne ta kunna fitila, ya sake yankewa, haka za su kwana suna wasan ɓuya.

Abin da ke yaudarar mutanenmu a kasuwa shi ne ƙirga ramuka. Mai shago ya ce maka wanga mai takwas ne kuma kowane rami na ba da wat 30, kuma ba ƙarya ya yi ba, kowane rami shi kaɗai zai iya, amma ba duka tare ba. Kamar tankin ruwa ne guda a saman gida anka ja mishi famfo takwas, kowane famfo ka buɗe shi kaɗai ruwa na zuba da ƙarfi, ranar suna da mata sunka buɗe duka lokaci guda na ƙarshen layi sai ɗiga. Takwas sau 30 ai 240 ne, kai ko 60 anka sayar maka. Ni in na shiga sayen siwic ba na ko kallon gaban kwalin inda anka zana hotuna, juya shi nake in nemi jimillar wat.

Bari in ɗan faɗaɗa don yaron naka ya amfana shi ma. Abin nan yana da ƙa'ida da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar. Ta farko 802.3af ce a 2003, siwic na sakin wat 15.4 a rami, abin da anka lamunce zai isa ga na'ura 12.95, sauran an bar ma waya. A 2009 anka fito da 802.3at da ake kira PoE+, wat 30 a rami 25.5 a wurin na'ura. Sai 802.3bt a 2018 mai hawa biyu, wat 60 da wat 90, ita ke amfani da duk silin waya takwas ɗin da ke cikin kebul, ita ce ta manyan kyamarori masu juyawa da sabbin na'urorin wayfai masu ci. Kuma akwai wani abu da ke ba ma'aikata mamaki, wasu siwic ba abin da kyamara ke sha a zahiri suke lissafawa ba, ajinta suke dubawa su ware mata rabo, aji 1 wat 4, aji 2 wat 7, aji 3 wat 15.4, aji 4 wat 30, wadda ba ta faɗi ajinta ba kuma a ware mata 15.4 ko da wat 5 take ci. Irin wanga siwic in 60 gare shi, kyamara ta huɗu ma sai ya ƙi ta tunda huɗu sau 15.4 ya haura 60, kana kallon ramuka a buɗe amma ba wuta. Naka dai ba shi ba ne tunda da rana yana ɗaukar duka.

In kana son ka tabbatar da idonka, yau bayan isha'i ka zare wayar ƙananan kyamarori biyu na cikin shago, za ka ga na bayan siton sun zauna daram. Gyara kuma biyu ne. Mai sauƙin kuɗi a sayo injekta biyu, wato 'yan na'urorin da ake jonawa a soket su zuba wuta cikin wayar kyamara guda, masu bin ƙa'idar 802.3at a ɗora manyan kyamarorin a kansu, siwic ya rage da wat 42 ya sarara. Ko a canza siwic ɗin da mai wat 120, ni shi na fi so don na san ku 'yan kasuwa baɗi sai ka ce a ƙara biyu a bakin ƙofa. Al'adata ina barin rarar kamar kashi ɗaya cikin huɗu sama da lissafin dare. Kafin nan a daren yau ma yaron ya mayar da na bayan sito rami na 1 da na 2, in ma za a yanke ma wata a yanke ma wadda ke kallon teburin shayi. Kyamarar da anka cire kuma lafiyarta ƙalau, a karɓo ta.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibi ne ina taya yayana tsaron shagon kwamfuta kusa da Dandima, rauta ɗinmu da wayfai suna kan siwic mai PoE, wani ya ce mini in na soka laftof ko firinta a ramin zai ƙone don akwai wuta bolt 48 a ciki. Gaskiya ne?

AMSA: Ƙanena wanda ya faɗa maka rabin gaskiya ya riƙe. In siwic ɗin an rubuta 802.3af ko at ko bt a jikinshi soka abinka ba fargaba. Irinsu ba sa sakin wuta sai sun yi sallama, suna tura ɗan ƙaramin bolt da bai kai 10 ba ko iyakarshi 10 su laluba ko akwai wata alama ta kilo-om 25, wato wani ma'aunin tare wuta, da ake sawa cikin duk na'urar da anka ƙera don karɓar PoE, in sun ji ta su saki wutar da ke tsakanin bolt 44 zuwa 57, in ba su ji ba data kawai za su ba ka. Laftof ba shi da alamar, don haka ko ɗigo ba zai samu ba.

Inda ake kuka shi ne ɗaya nau'in da ba ya tambaya, wanda 'yan sana'a ke ce ma fasib. Shi da ka jona shi wuta na kan waya ko mi ka soka. Yawancin 'yan baƙaƙen adaftocin nan da ke zuwa tare da rediyon intanet na kan ƙarfe irinshi ne, da yawan tsofaffin kayan kamfanin Ubiquiti bolt 24 suke amfani da shi a haka, akwai kuma masu 48. Ni kaina na sha wannan ɗacin, shekarun baya muna wani aiki wajen Bodinga adafta biyu na cikin jakata kamarsu ɗaya sak, rana ta buge ni ga azumi a baki ban tsaya karanta ɗan rubutun ba na jona mai 48 ma rediyo mai 24, yaron da ke saman ƙarfen ya leƙo ya ce Oga ina jin ƙauri fa, shi ke nan kuɗin aikin ranar da na washegari duk can sunka tafi. Tun ranar duk adaftan da ya shigo hannuna sai na manna mishi farin salatif na rubuta bolt ɗin da maka baƙa. Kai ma duba naku, in ka ga siwic mai arha da ba a rubuta 802.3 ko'ina ba sai dai "24V" ko "48V" kawai, to kada laftof ɗin kwastoma ya kusance shi.

TAMBAYA: Injiniya ina wuni. Ni ke kula da wata makarantar kuɗi a Arkilla, muna da kyamara 10 da wayfai 4 da wayoyin tebur na ofis 3 duk a kan siwic guda, ga sola da inbata. In anka ɗauke wuta da dare batir ba ya kai mu asuba, kuma kyamarar bakin get takan daskare sai an ɗauko tsani an cire waya an mayar. Mai gyaranmu ya ce mu sayi siwic mai saiti, ni kuma na ga tsadar ta yi yawa, ba wayo ne zai yi mana ba? Daga wata Hajiya.

AMSA: Lafiya lau Hajiya, Allah ya taimaka. Wannan karon ina bayan mai gyaranku. Siwic mai saiti shi ne wanda ake shiga cikinshi ta kwamfuta ko waya a ga kowane rami wat nawa yake ja a daidai lokacin, a kashe wanda aka ga dama a kunna, kuma matsalolinki biyun nan duk aikinshi ne.

Mu ɗauki batir tukun. Ba ki faɗi girman naku ba to bari in yi misali da mai bolt 12 amfiya 200 irin na ruwa da ya cika gari, a takarda wat-awa 2400 ne, amma in ana son ya yi ƙarko rabinshi ake ci, 1200 ke nan, inbata ma ta ci nata a hanya. In kayanku na jan wat 130 da dare har da na'urar ajiye hoto, raba 1200 da 130 ki ga awa 9 da ɗan kai, in wuta ta tafi da magariba ƙarfe uku ko huɗu na dare batir ya mutu, daidai lokacin da ɓarawo ke so. To tambayata ita ce wa ke hawa wayfai ɗin makaranta ƙarfe biyun dare, wa ke kiran wayar ofishin shugaba? Babu, sai dai samarin unguwa da sunka samu lambar sirri suna zaune jikin katanga. Siwic mai saiti ana sa mishi jadawali, ramukan wayfai da wayoyin tebur su mutu ƙarfe 6 na yamma su tashi 7 na safe, Asabar da Lahadi in ba a karatu su kwana a kashe, kyamarorin cikin aji ma in ba kaya masu tsada ciki ana iya rage su a bar na get da katanga da ofishin kuɗi. In anka zare wat 40 ko 50 daga 130 ɗin nan, batir guda ɗin da kike ƙorafi a kanshi zai kai ku har rana ta fito kan farantin sola, ba a sayi sabo ba. Ki kwatanta kuɗin siwic ɗin da kuɗin ƙarin batir ki ga wane ne wayo.

A cikin siwic ɗin kuma ke ce za ki zaɓi babba da ƙarami, ba lambar rami ba, a sa kyamarar get a sahun farko ta yadda ko wuta ta gaza ba ita za a taɓa ba. Maganar tsani kuwa ta ƙare, cire waya a mayar ai yanke wuta ne kawai, daga kan kujera za a kashe ramin a ƙirga goma a kunna. Da yawansu ma suna da wani saiti da ke ƙwanƙwasa ma kyamara lokaci lokaci, in ta yi shiru sau kaza shi da kanshi ya yanke mata wuta ya mayar. Amma fa Hajiya kyamarar da ke yawan daskarewa tana faɗin wani abu ne, a duba kan wayar ko ruwan damina ya shige shi ya yi kore. Sharaɗi guda nake ba ki, ranar da anka haɗa ki sa mai gyaran ya canza lambar sirrin da siwic ya zo da ita daga kamfani ya rubuta miki sabuwar a takarda ki kulle a durowa, na ga wurare da yawa da mai gyara ya koma Abuja ya tafi da lambar a kanshi.

TAMBAYA: Oga gidan kaji gare ni hanyar Wamakko, daga ɗakin da siwic yake zuwa kejin ƙarshe mita 140 ne, kyamarar can tana kamawa tana saki musamman da rana tsaka, alhali siwic ɗin sabo ne wat 120 kuma kyamara 5 kacal ke kai.

AMSA: Kai naka ba ƙarancin wat ba ne, hanya ce. Ƙa'idar wayar intanet mita 100 ce, ka wuce da 40. Sannan ina zargin wayar kanta, don kasuwa ta cika da wadda ake kira CCA, alminiyam ce anka shafa mata kofa, wato jan ƙarfe, a baya, a ido ja ce kamar ta gaske. Alminiyam kuwa kusan kashi 61 cikin 100 na wutar da kofa ke wucewa da ita yake iya wucewa da ita, sauran wahala ce da zafi, kuma ƙarfe in ya yi zafi ƙara tare wuta yake, to ka haɗa da ranar Sakkwato ta watan Afrilu da ke haura digiri 40 tana dukan baƙar waya a kan kwano, shi ya sa taka da azahar take shiriritarta ba da dare ba kamar ta Alhajin Mabera. Gwajin ba wuya, yanko ɗan guntu ka fere sili ɗaya ka kankare shi da reza, in fari ya fito a ciki an yi maka ta. Ko ka sa mishi laita, alminiyam nan take yake lanƙwashewa ya zube, kofa sai dai ya yi ja ya tsaya. Ko ɗaga kwalin mita 305 ma ka ji, na gaske nauyi gare shi.

Duba gaban siwic ɗin, wasu na da ɗan maɓalli na ƙara nisa da ke sauke gudun ramin zuwa megabit 10 ya miƙa har wajen mita 250, kuma megabit 10 na isar kyamara guda. In babu, a sa 'yar na'urar ƙara zango a tsakiya wajen mita 70, ita ma daga wayar take shan wutarta ba ta son soket. Amma ko wane ka bi in wayar CCA ce a fidda ta, a ja kofa zalla irin ta waje a zura cikin fayif a binne, ɓeraye ma na gidan kaji ba su da kunya. Tunda fili ne kuma damina na tafe da tsawa, a sa abin kare tsawa na PoE a bakin kyamara da bakin siwic a haɗa su da ƙarfen ƙasa na gaske, don doguwar waya a fili ita ke jawo ta har cikin ɗaki ta kashe ramuka. Shi kanshi siwic ɗin kada a rufe shi cikin akwatin ƙarfe marar iska, da yawan ƙananan nan iyakar zafin da anka rubuta musu digiri 40 ne, ɗakin kwano kuwa ka san yadda yake, ga ƙurar dusa da gashin kaji da ke toshe ramukan iska, duk wata a kashe shi a hure da bulowa. In ka kankare wayar ka turo mini hoton abin da ka gani.